Madara Daga Ruga Zuwa Mile 12: Yadda Ake Tatsa, Tarawa da Sarrafawa

Gabatarwa

Duk wanda ya san kasuwar Mile 12 a Legas ya san ta da tumatir, attarugu, tattasai da albasa waɗanda manyan motoci ke saukewa daga Arewa. Amma idan rana ta take, ɗan dako da direba da mai shago duk abu guda suke nema, wato fura da nono mai sanyi. Haka abin yake a Agege da Idi-Araba, da sauran unguwannin da Hausawa da Fulani suke da yawa. Sai dai shanun da ake gani a Legas, irin waɗanda ake kaiwa mayankar Oko-Oba a Agege, na yanka ne, ba na tatsa ba. Saboda haka nonon da ake sha a waɗannan wurare ko dai ya fito daga rugage, musamman na jihohin Ogun da Oyo, ko kuma an haɗa shi daga madarar gari da aka shigo da ita daga ƙasashen waje.

Tumatir kan yi kwana biyu ko uku a hanya daga Kano ya iso da sauran kyansa. Madara ba ta da wannan haƙuri. Awa kaɗan a cikin zafi ya isa ta lalace, makiyayi ya yi asarar wahalarsa, mai sayarwa ta yi asarar jarinta, mai sha kuma ya kwanta ciwo.

An shirya wannan bayani domin ku makiyaya da kuke tatsa, da ku masu tarawa da jigila, da ku mata masu sarrafawa da sayarwa. Abin da ake so ku riƙe shi ne: ba a ƙara wa madara kyau bayan an tatse ta, iyaka dai a kiyaye kyan da ta fito da shi. Ana kiyaye shi ne da abubuwa huɗu: tsabta, hanzari, dafawa da sanyayawa.

Me ya sa madara ke saurin lalacewa?

Kimanin kashi 87 cikin 100 na madarar saniya ruwa ne. Sauran ya ƙunshi maiƙo, da sinadarin gina jiki wajen kashi 3 da ɗoriya, da sukarin madara kusan kashi 5, da sinadaran ƙarfafa ƙashi da haƙori. Shanunmu na gida, irin su Bunaji, Bokoloji da Rahaji, ba su da yawan madara. A kiwon gargajiya da wuya a samu fiye da lita 1 zuwa 2 a rana bayan rabon maraƙi. Amma madararsu ta fi ta shanun Turai kauri da maiƙo.

Wannan amfani da madara ke da shi ga ɗan Adam shi take da shi ga ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani. Madara na fitowa daga hantsa da ɗumin jikin saniya, wajen digiri 37 a ma'aunin Salsiyas, wanda shi ne ma'aunin da za a yi amfani da shi a duk wannan bayani. A irin wannan ɗumi wasu ƙwayoyin kan ninka yawansu duk bayan minti 20. Idan suka samu yadda suke so, guda 1,000 za su haura 500,000 cikin awa 3.

Allah cikin ikonsa ya sanya wa sabuwar madara wata kariya da ke danne ƙwayoyin cuta na ɗan lokaci. A ƙasa mai zafi irin tamu, wannan kariya ba ta wuce awa 2 zuwa 3. Wannan ɗan lokaci shi ne damar da kuke da ita. Kafin ya ƙare, lalle ne madara ta shiga ɗayan biyu: ko na'urar sanyi da za ta saukar da ita zuwa digiri 4, ko tukunya a kan wuta.

Cututtukan da ake ɗauka ta madara

Lalacewar da ake gani ko ake ji a hanci ita ce mai sauƙi. Wadda ta fi haɗari ita ce cutar da ke cikin madarar da ba ta canza launi ko ɗanɗano ba.

1. Bakkale. Ita ce ke sa saniya ɓari idan ciki ya tsufa, mabiyiya ta maƙale, gwiwoyi su kumbura. Mutumin da ya sha ɗanyar madarar irin wannan saniya kan yi fama da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi. Sau da yawa akan yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro ko taifot ba tare da an samu sauƙi ba.

2. Tarin fuka na shanu. Yana kama mutum ta ɗanyar madara, musamman yara, ya fito a matsayin kumburi a wuya ko ciwon ciki mai daɗewa.

3. Gudawa da amai. Ƙwayoyin da ke haddasa su na shiga madara daga kashin shanu, hannu marar tsabta, ƙudaje da gurɓataccen ruwa.

4. Ragowar magani. Shanun da ke kiwo a Kudu maso Yamma kan sha allurai da yawa saboda sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa. Maganin da aka yi wa saniya yana fita ta madararta na wasu kwanaki. Dafawa ba ta kawar da shi. Yana cutar da mai sha, yana kuma hana kindirmo kamawa.

A nan akwai kuskuren da ya kamata a gyara. Mutane da yawa sun ɗauka idan nono ya yi tsami, to, ya kashe duk wata cuta da ke cikinsa. Tsami na rage wasu ƙwayoyin, amma na bakkale da na tarin fuka kan rayu kwanaki a cikin nono mai tsami. Wuta ce kaɗai ke gamawa da su.

Yadda ake tatsa

Tun ran gini ran zane. Madarar da ta gurɓata a wurin tatsa babu masana'antar da za ta iya gyara ta. Kai mai tatsa, bi waɗannan matakai:

1. Ware wurin tatsa nesa da tarin kashin shanu, a share shi, a yayyafa ruwa idan akwai ƙura.

2. Wanke hannu da sabulu, ka yanke farce. Mai tari, mai gudawa ko mai gyambo a hannu kada ya yi tatsa har sai ya warke.

3. Shanunmu ba su cika sakin madara ba sai sun ga maraƙi. A bar shi ya ɗan tsotsa, sannan a janye shi a ɗaure kusa da uwar.

4. Wanke hantsa da ruwa mai tsabta, mai ɗan ɗumi, ka goge da tsumma mai tsabta har ta bushe. Kada a goge shanu da yawa da tsumma ɗaya, domin ta haka ciwon hantsa ke yaɗuwa a garke.

5. Tatsi biyu ko uku na farko daga kowane kan nono a zuba su a wani ƙaramin kofi mai baƙin ciki, a duba. Idan an ga gudaji, jini, ruwa-ruwa ko launin ɗorawa, saniyar na da ciwon hantsa. A ware madararta, a nemi malamin dabbobi.

6. Yi tatsa da busasshen hannu. Kada a jiƙa yatsu da madara ko da yawu. A matse kan nono, kada a ja shi da ƙarfi.

7. A gama da kowace saniya cikin minti 5 zuwa 7, domin bayan haka takan janye madararta. A guji duka da hayaniya.

8. A fara da lafiyayyun shanu, marasa lafiya su zo ƙarshe, kuma kada a haɗa madararsu da ta sauran. Wake ɗaya ke ɓata gari.

9. A bar wa maraƙi rabonsa. Maraƙin da aka ƙware yau, shi ne saniyar da ba za ta yi madara ba gobe.

10. A tace madara da farin ƙyalle mai tsabta, a rufe, a kai inuwa nan take.

Dakashi, wato madarar kwana 4 zuwa 5 na farko bayan haihuwa, haƙƙin maraƙi ne, ba a kai shi kasuwa. Saniyar da aka yi wa allura ko aka ɗura wa magani, a tambayi malamin dabbobi kwana nawa za a jira kafin a sha madararta. Ana rubuta wannan a jikin kwalbar magani. Game da rigakafi kuwa, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana samar da allurai da dama, har da ta bakkale. Ana yin su ne bisa shawarar likitan dabbobi.

Kayan aiki da wankinsu

Mazubin da ya fi dacewa da madara shi ne na alminiyam ko na farin ƙarfe marar tsatsa, mai faɗin baki da murfi, wanda hannu ke iya shiga ya wanke ko'ina. Jarkar roba mai ƙaramin baki ita ce babbar maɓoyar ƙwayoyin cuta, domin maiƙo kan maƙale a lungunanta inda soso ba ya kaiwa. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kalanzir ko maganin feshi kuwa, ko kusa kada a zuba mata madara, ko sau nawa aka wanke ta.

Ƙwarya tana da nata amfani wajen kwantar da kindirmo da zaman kasuwa, amma jikinta na shan madara, don haka tana bukatar kulawa ta musamman. Wadda ta tsage ko aka ɗinke a daina amfani da ita.

Ga yadda ake wanki: a fara ɗauraye kaya da ruwan sanyi da zarar an juye madara, domin ruwan zafi a farko kan sa madara ta manne. Sannan a wanke da ruwan zafi da sabulu marar ƙanshi, a ɗauraye da tafasasshen ruwa, a kife a kan wani abu mai tudu rana ta busar da su. Ƙyallen tacewa a wanke shi, a tafasa, a shanya kullum.

Tarawa da kaiwa cibiya

Makiyayi ɗaya mai lita 5 ko 10 ba zai iya sayen na'urar sanyi ba, ba zai kuma iya ɗaukar hayar mota zuwa birni ba. Wannan ne dalilin kafa ƙungiyoyin gama kai da cibiyoyin tara madara. A Kaduna, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu madara ta MILCOPAL ta yi wannan aiki da rugagen Fulani tun shekarun 1990. A Kano ma kamfanin L&Z na karɓar madara daga makiyaya.

Misalin da ya fi kusa da Legas shi ne na jihar Oyo. A 2011 kamfanin FrieslandCampina WAMCO, mai yin madarar Peak, ya ƙulla yarjejeniya da Ma'aikatar Aikin Gona ta Tarayya kan bunƙasa madarar cikin gida. An kafa cibiyoyin tara madara a wurare irin su Fasola, Alaga, Maya, Iseyin da Saki. Da sassafe ake tatsa a ruga, a ɗauko a kan babur ko a ka zuwa cibiya, a gwada, a auna, a rubuta a littafi, a juye a tankin sanyi. Daga nan motar tanki mai riƙe sanyi ke ɗauka zuwa masana'antar kamfanin da ke Ogba a Ikeja, maƙwabciyar Agege, tafiyar kimanin kilomita 200 daga Iseyin. Abin da ya sa madarar ke jure wannan tafiya shi ne an sanyaya ta tun kafin kariyarta ta ƙare.

Ku masu jigila, ku kiyaye waɗannan:

1. Madara ta isa cibiya cikin awa 2 zuwa 3 daga tatsa. Da sanyin safiya ake kama fara.

2. Kada a haɗa madarar yamma da ta safe. Inda babu na'urar sanyi, ta yamma a dafa ta a yi kindirmo.

3. A cika mazubi sosai, domin madarar da ke girgiza a hanya kan fara fitar da mai.

4. A naɗe mazubi da jiƙaƙƙen buhu, ko a tsoma shi a ruwan sanyi a inuwa lokacin jira. Wannan na rage zafi kaɗan, amma ba ya maye gurbin na'urar sanyi.

5. Kada a ƙara ruwa, kanwa ko wani magani da sunan hana lalacewa.

Gwaje-gwajen da ake yi wa madara

Ba don wulaƙanci ake mayar wa mutum da madararsa a cibiya ba. Lita 10 marar kyau na iya ɓata tanki guda, kowa ya yi asara. Yawancin gwaje-gwajen masu sauƙi ne, kuma ke mai sayen madara don sarrafawa kina iya yin wasu da kanki.

1. Ido da hanci. A buɗe murfi a shinshina nan take, a duba launi, gashi, ƙuda ko datti.

2. Tafasawa a cokali. A ɗebi madara kaɗan a cokali a ɗora a kan wuta. Idan ta tsinke ta yi gudaji, ta riga ta fara tsami, ko kuma an haɗa ta da dakashi.

3. Gwajin alkohol. Ana haɗa madara da sinadarin alkohol mai ƙarfin kashi 68 zuwa 70 cikin 100, daidai wa daida. Idan ta yi gudaji, ba za ta jure zafin masana'anta ba. Wannan gwaji ya fi na cokali saurin gano matsala.

4. Laktomita. Wani ɗan ma'auni ne na gilashi da ake tsomawa a madara ya yi iyo. Madarar da ba a taɓa ba kan nuna tsakanin 26 da 32. Idan ya nuna ƙasa da 26, alama ce an ƙara ruwa.

5. Aidin. A ɗiga aidin kaɗan a samfurin madara ko nono. Idan ya koma shuɗi, an sa sitaci ko gari don ya yi kauri. A zubar da samfurin bayan gwaji.

Manyan cibiyoyi na da ƙarin kayan gwada yawan maiƙo da ragowar magani.

Dafa madara

A shekarun 1860 wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Luwi Fastor ya nuna cewa zafi madaidaici na kashe ƙwayoyin da ke lalata abin sha ba tare da ya ɓata shi ba. Daga baya aka yi amfani da wannan ilimi a kan madara, kuma shi ne ya rage yaɗuwar tarin fuka na shanu tsakanin yara a Turai da Amurka. Ƙa'idar ita ce a riƙe madara a digiri 63 na minti 30, ko a digiri 72 na daƙiƙa 15, sannan a sanyaya ta da sauri.

Idan kina da ma'aunin zafi, ki zuba madara a ƙaramar tukunya, ki sa ta cikin babbar tukunya mai ruwa a kan wuta, kina juyawa, har ta kai digiri 63 zuwa 65, ki riƙe ta a haka rabin awa. Wannan hanya ba ta sa madara ƙauri. Idan babu ma'auni, ki dafa har ta tafasa ta taso, kina juyawa don kada ta kama. Bayan an sauke, a rufe, a tsoma tukunyar a ruwan sanyi. A tuna cewa dafaffiyar madara na iya sake gurɓata idan aka juye ta a mazubi marar tsabta ko aka sa mata hannu.

Sarrafawa a gida

Kindirmo. A dafa madara da maiƙonta, a bar ta ta huce har ta koma ɗumin da hannu ke jurewa idan an taɓa jikin tukunya. A zuba kindirmo mai kyau na jiya, cokali 2 na cin abinci a kowace lita, a juya, a rufe, a ajiye inda ba za a motsa ba har ya kwana. Idan irin da ake zubawa ya fara yauƙi, kumfa ko wari, a sake sabo.

Nono da man shanu. Idan madara ta kwanta, ana kwashe maiƙon da ya taso a kaɗa shi har mai ya haɗu. A wanke man da ruwan sanyi da aka riga aka tafasa. Abin da ya rage shi ne nono. Man shanu ɗanye ba ya daɗewa a zafin Legas, amma idan aka soya shi har ruwan ya ƙone, aka tace a kwalba busasshiya mai murfi, yakan yi watanni.

Wara. Wannan shi ne cukun da matan Fulani ke yi a jihohin Kwara, Oyo da Ogun, ana kuma sayar da shi a Legas. Ana ɗumama sabuwar madara, a zuba ruwan ganyen tumfafiya da aka daka aka tace, a ci gaba da dafawa har ta tsinke, a kwashe a ƙananan kwanduna ruwan ya tsiyaye. Kimanin lita 5 ke ba da kilo 1. A cikin ruwansa ba ya wuce kwana 2 zuwa 3, sai dai idan an soya. A kiyaye ido daga ƙaron tumfafiya, domin yana da illa.

Yogot. A dafa madara zuwa digiri 85 na minti 30, a sanyaya zuwa digiri 42 zuwa 45, a zuba iri kashi 2 zuwa 3 cikin 100, a riƙe ɗumin na awa 4 zuwa 6, sannan a kai firji. Mai son ƙulla shi a roba ko leda da sunansa don sayarwa sai ya yi rajista da hukumar NAFDAC.

Nonon madarar gari. Da yawa daga cikin masu sana'ar nono a birane da ita suke aiki, kuma babu laifi a ciki idan an gaya wa mai saye gaskiya. Kilo 1 na madarar gari mai cikakken maiƙo na ɗaukar ruwa kimanin lita 7. Haɗarin yana cikin ruwan ne. A unguwannin da ake dogara da rijiya, burtsatse ko 'yan garuwa, dole a tafasa ruwan, ko a dafa haɗin gaba ɗaya kafin a zuba iri. A duba ranar ƙarewar aiki a jikin buhu. A kuma sani cewa wata madarar garin an cire mata maiƙonta an sa man itatuwa a madadinsa. Ba wannan kaɗai ba, duk wata madarar shanu ba abincin jariri ba ce. Nonon uwa zalla ake ba shi har wata 6.

Abin da ke faruwa a masana'anta

Matakan masana'anta su ne dai waɗanda aka bayyana a sama, sai dai da injuna. Ana sake gwada madara a bakin ƙofa, a tace ta, a raba maiƙo da inji mai juyawa, a mayar da gwargwadon da ake so. Sannan a matsa ta da ƙarfi ta wata ƙaramar kafa domin maiƙon ya farfashe ya daina tasowa sama, a kuma dafa ta a digiri 72 na daƙiƙa 15. Irin wannan madara sai a firji, kuma kwanaki kaɗan take yi.

Madarar kwali da ke watanni ba firji ana kai ta digiri 135 ko fiye na 'yan daƙiƙoƙi, a ɗura ta a kwalin da babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Ta gwangwani ana cire mata fiye da rabin ruwanta, a rufe, a sake dafawa a cikin gwangwanin. Ta gari kuma ana fesa ta cikin iska mai zafi har ta bushe. Kowace iri ce, da zarar an buɗe, ta koma mai saurin lalacewa kamar sabuwa.

Fiye da rabin madarar da ake sha a Nijeriya daga waje ake shigo da ita. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya ce ana kashe dala biliyan 1.2 zuwa 1.5 a shekara a kan haka. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da manufar ƙasa kan madara, ta kuma ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo. A Shika kusa da Zariya, Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa ta daɗe tana barbarar Bunaji da shanun Turai masu yawan madara. Duk wannan na nuna kasuwa na nan tana jiran makiyayi, amma madara mai tsabta kaɗai masana'anta ke saye.

A wurin sayarwa

Ke mai zama da ƙwarya a Mile 12 ko Agege, ke ce ta ƙarshe kafin nono ya shiga bakin mutane. Legas na da zafi da laima, ga ƙudaje a kasuwar kayan gwari, ga cunkoson motoci da ke mayar da tafiyar awa guda ta zama uku. Saboda haka:

1. Ki san inda nononki ya fito, ki tambaya ko an dafa madarar kafin a kwantar.

2. Ki zauna a inuwa, nesa da kwata da juji, ƙwarya a kan tudu, a rufe da faifai ko murfi.

3. Babban kason ya zauna a kula, ki riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. Ƙanƙarar da ba ki san ruwanta ba kada ta shiga cikin nono. Ki bar ta a ƙulle a ledarta, ta sanyaya daga waje.

4. Ludayin ɗiba daban, na sha daban. Ki tanadi ruwan sabulu da na ɗauraya, kina canzawa, ba bokiti ɗaya tun safe har yamma ba.

5. Hannun da ya karɓi kuɗi a wanke shi kafin ya taɓa fura.

6. Kada ki haɗa ragowar jiya da sabo. Nonon da ya yi kumfa, yauƙi, ɗaci ko ya kumbura leda a zubar.

7. Ƙara ruwa sannan a kaurara da garin kuka ko sitaci algus ne. Ribarsa ta yini ɗaya ce, mai saye kuma idan ya gane ba ya dawowa.

Kammalawa

Tafiyar madara daga hantsar saniya zuwa ƙwaryar mai sha kamar sarƙa ce, kowa na riƙe da zobe guda. Mai tatsa ya tsabtace hannu da hantsa, ya ware madarar saniya marar lafiya da wadda ke kan magani. Mai jigila ya isar da ita cikin awa 3 a mazubi mai faɗin baki. Mai sarrafawa ta dafa kafin ta kwantar, ta yi aiki da tafasasshen ruwa. Mai sayarwa ta rufe, ta sanyaya, ta guji algus. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗi mai yawa, amma idan mutum ɗaya ya yi sakaci, wahalar sauran ta tashi a banza.

Ana shawartar makiyaya su haɗu su kafa ƙungiya domin samun mazubai masu kyau, laktomita da na'urar sanyi mai aiki da hasken rana. Don ƙarin bayani, a tuntuɓi malamin gona ko likitan dabbobi mafi kusa. Wanda kuma ke fama da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, alhali yana shan ɗanyar madara ko yana hulɗa da shanu, ya je asibiti ya gaya wa likita hakan. Rigakafi ya fi magani.